Kiɗan Rameau da Ƙafafun 'Yan Bayan Gari

A kakar shekarar 1725 wasu mutum biyu daga Luwiziyana, ƙasar da Faransa ke iƙirarin mallaka a Arewacin Amurka a wancan zamani, suka hau dandamalin Gidan Wasan Italiyawa da ke birnin Faris. 'Yan asalin ƙasar ne, irin mutanen da Turawa suka tarar a can suka laƙaba musu sunan Indiyawa. Kawo su aka yi don a kalle su. Suka yi rawar sulhu da lofe a hannu, suka yi ta yaƙi, suka yi ta nasara, jama'ar Faris na zaune suna ba idonsu abinci. A shekarar nan dai wata tawagar sarakuna daga yankin kogin Misisifi, cikinsu har da wani mai suna Chicagou, ta isa gaban Sarki Louis na 15 a watan Nuwamba. Sarkin yana ɗan shekara 15 a lokacin.

Cikin waɗanda rawar mutanen biyu ta tsaya wa a rai akwai wani makaɗi ɗan shekara 42, Jean-Philippe Rameau. Haifaffen garin Dijon ne, ɗan mai kaɗa ogan a coci, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. A lokacin an fi saninsa da wani littafi mai wuyar sha'ani da ya wallafa a 1722 kan yadda sautuka ke jituwa da juna, don haka mutane na yi masa kallon malamin lissafin kiɗa, wanda ilimi ya yi wa yawa. Ya koma gida ya tsara wani ɗan gajeren kiɗa na kilabsan, wato kakan fiyano, wanda idan ka danna maɓallinsa tsinkar tsirkiya yake yi. Ya sa wa kiɗan suna Les Sauvages. Babu wata fassara mai daɗi da za a yi wa wannan suna: mutanen jeji yake nufi, marasa wayewa. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1727 yana neman a ba shi aikin opera, da kansa ya kafa hujja da wannan kiɗa, cewa ga shi ya iya kama waƙa da rawar mutanen nan ya zuba su a sauti.

Kiɗan ba shi da tsawo. Bugu biyu-biyu ne masu nauyi, kamar mutum na dirka ƙafa a ƙasa, sai wani kari mai tsalle-tsalle da ke hawa yana sauka, ya tafi ya dawo kamar amshi. Wanda ya ji shi sau ɗaya da wuya ya wuni bai sake jin sa a kansa ba.

Aikin operar da Rameau ke nema bai zo ba sai da ya cika shekara 50, a 1733. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, makaɗa na ƙasan dandamali suna rakiya. Faransawa kuwa ba su yarda da opera babu rawa ba. Sarki Louis na 14 da kansa ɗan rawa ne; yana ɗan shekara 14 ya fito a wani wasa a matsayin rana, ya kafa makarantar rawa ta fada a 1661, sannan a 1669 ya ba da iznin kafa gidan operar Faris. Daga wannan gida ne rawar bale ta samo yawancin ƙa'idojinta: jiki a miƙe, wuya a ɗage, tafin ƙafa a buɗe waje, mutum ya riƙa tafiya kamar ba ya son ƙasa ta san ya taka ta. Rawa ce ta fada, an gina ta a kan ladabin tsayuwa gaban sarki.

Ranar 23 ga Agusta 1735 Rameau ya fito da Les Indes galantes, Louis Fuzelier ne ya rubuta baitocinta. Kalmar Indiya a bakin Faransawan lokacin tana nufin duk wata ƙasa mai nisa da suke jin labarinta daga matuƙa jiragen ruwa. Wasan ba labari ɗaya ba ne; buɗewa ce da labarai huɗu na soyayya, kowanne a ƙasarsa. Na farko a wani tsibiri ne, inda wani basarake Baturke, Osman, ya 'yanta baiwarsa Bafaranshiya da yake ƙauna, ya mayar da ita ga masoyinta. Na biyu a Feru, inda wani bokan masu bautar rana, Huascar, ya haddasa aman wutar dutse don ya tsorata yarinyar da ta fi son sojan Sifaniya a kansa, duwatsun suka binne shi. Na uku bikin furanni ne a Farisa. Na huɗu bai shigo ba sai a watan Maris na 1736, kuma shi ne ya ɗauki sunan tsohon kiɗan kilabsan. A cikinsa Zima, 'yar sarkin wata ƙabila a dajin Amurka, tana da manema biyu Turawa, Bafaranshe mai ruwan ido da Basifane mai kishi. Ta ƙi su duka ta zaɓi ɗan ƙabilarsu, Adario. Daga nan sai bikin lofen sulhu tsakanin mutanen ƙasar da suka sha kaye da Turawan da suka ci su da yaƙi. A nan Rameau ya ɗauko kiɗansa na shekara goma da suka wuce, ya ba dukan makaɗa, ya ɗora muryoyin Zima da Adario da 'yan amshi a kai, suna yabon zaman lafiyar daji.

Wannan sulhu na kan dandamali ne kawai. Tsakanin rawar 1725 da wasan 1736 abin da ya faru a Luwiziyana daban ne. A Nuwamban 1729 ƙabilar Natchez, da ta gaji da ƙwacen filaye, ta auka wa sansanin Faransawa ta kashe mutum sama da 200. Faransa ta rama da yaƙin da ya tarwatsa ƙabilar, kuma a 1731 aka kwashi ɗaruruwan waɗanda aka kama aka sayar da su bayi a Saint-Domingue, inda yau ake kira Haiti. A shekarun nan ne kuma jiragen Kamfanin Indiya na Faransa ke sauke dubban bayi 'yan Afirka a Luwiziyana, mafi yawansu daga yankin Senegal da Gambiya, ƙarƙashin dokar bauta da aka sabunta wa yankin a 1724. Masu kallo a Faris sun ga dajin lumana da gashin tsuntsu da kyawawan 'yan rawa, suka tafa, suka koma gida.

Duk da haka kiɗan yana da kyau, kuma wannan ne ke sa labarin ya yi nauyi. Da a ce kiɗan banza ne da tuni an manta da shi tare da zamaninsa. Rameau ya rasu a 1764, aka yi watsi da operarsa fiye da ƙarni guda, sannan aka farfaɗo da ita. An yi mata gagarumin shiri a 1952, an kuma sake yin wani da William Christie ya jagoranci kiɗansa, wanda aka ɗauka a fim a 2003. A yawancin irin waɗannan shirye-shirye Turawa ne ke shiga kayan ado su taka rawar mutanen jeji, abin ya zama raha da nishaɗi.

Yanzu sai mu tsallaka teku mu tsallaka ƙarni biyu da rabi. A watan Maris na 1991 wani mutum ya ɗauki hoton bidiyon 'yan sandan Los Anjalas suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King, da kulake. Ranar 29 ga Afrilu 1992 kotu ta wanke 'yan sandan, gari ya kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. A unguwannin kudancin birnin, inda ƙungiyoyin daba da ƙwaya suka yi katutu, wani mutum da ake kira Tommy the Clown ya fara zuwa bukukuwan yara da fenti a fuska yana rawa, matasa suka bi shi. Daga cikin waɗanda suka taso a wannan fage, wasu biyu da aka sani da Tight Eyez da Big Mijo suka cire wasan daga ciki suka bar zafin, wajen farkon shekarun 2000. Rawar da ta fito ita ce kuramf. Tushenta uku ne: dirka ƙafa a ƙasa, bugo ƙirji waje kamar an zabure shi daga ciki, da wurga hannu kamar mai kai naushi ga iska. Ana yin ta a tsakiyar da'ira, mutum ɗaya ya shiga, sauran su kewaye shi suna yi masa ihu suna zuga shi har ya fitar da abin da ke cinsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka faɗa ake shirin yi, amma ba a taɓa kowa. Fim ɗin Rize na David LaChapelle, na 2005, shi ya kai ta duniya. A shekarar nan ce kuma unguwannin bayan garin Faris suka yi makonni uku suna cin wuta, bayan wasu samari biyu sun mutu a tashar lantarki suna gudun 'yan sanda a Clichy-sous-Bois. Kuramf ta samu gindin zama a waɗannan unguwanni ba tare da an yi mata tafinta ba.

A 2017 gidan operar Faris, wanda ya buɗe wani sashe a intanet don gajerun finafinai, ya gayyaci wani matashin mai shirya fim, Clément Cogitore, haifaffen 1983, ya yi musu wani abu. Shi kuwa ya ce a ba shi dandamalin zauren gidan da ke Bastille, ya kawo 'yan kuramf, ya sa musu kiɗan lofen sulhu na Rameau. Mutum uku suka tsara rawar: Bintou Dembélé, Grichka da Brahim Rachiki.

Fim ɗin bai wuce minti shida ba, kuma na kalle shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Babu ado ko ɗaya. Dandamali ne fayau cikin duhu, sai taron matasa maza da mata, yawancinsu baƙaƙe da Larabawa, cikin kayan da suka fito da su daga gida: riga mai hula, hular hana-salla, takalmin kambas. Sun yi da'ira, kyamara na cikinsu kafaɗa da kafaɗa, har wani lokaci ƙeyar wani ta tare maka gani. Bugun farko na sauka, sai wani ya faɗo tsakiya. Ƙafarsa ta dira daidai kan bugun, ƙirjinsa ya zabura daidai inda karin ya yi tsalle, jijiyoyin wuyansa a tashe. Na kusa da shi suna ihu a kunnensa, suna girgiza hannu a saitin fuskarsa. Ya gama ya koma cikin taro, wata ta fito. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne yadda rawar ta zauna a kan kiɗan daram, kamar don ita aka tsara shi. Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A nan kiɗan yana nan yadda Rameau ya bar shi, rawar ce ta canza, kuma da ta canza sai kunne ya fara jin abin da ke cikin kiɗan tun asali, wato dirin ƙafar mutanen nan biyu na 1725, wanda shekaru na ladabin bale suka lulluɓe.

Fim ɗin ya bazu a intanet kamar wutar daji. Shugaban gidan operar na lokacin, Stéphane Lissner, ya ce wa Cogitore ya zo ya shirya operar gaba ɗayanta, wasan da ke cin sama da awa uku, alhali bai taɓa shirya opera ba. An sa ta a 2019, shekarar da gidan ke cika 350 da kafuwa, zauren Bastille kuma ke cika 30. Cogitore ya ɗauki Bintou Dembélé ta tsara rawar duka.

Ita wannan baiwar Allah ta cancanci a tsaya a kanta. An haife ta a 1975 a Brétigny-sur-Orge, kudu da Faris, asalin gidansu Senegal. Tana 'yar shekara goma ta fara rawar hip-hop, lokacin da wannan rawa ke sabuwa a Faransa, ana koyonta a bakin titi da ƙarƙashin benaye, kuma kusan duk masu yin ta maza ne. Ta yi rawa a bayan mawaƙi MC Solaar, a 2002 ta kafa ƙungiyarta mai suna Rualité. Ɗaya daga cikin ayyukanta da aka fi sani, Z.H., a kan gidajen kallon mutane ne: yadda tun daga 1877 ake kawo 'yan Afirka da wasu al'ummu wani lambu a Faris, a gina musu bukkoki a bayan shinge, jama'a su biya kuɗi su kalle su kamar namun daji, abin da ya ci gaba har zuwa shekarun 1930. Wato matar da aka miƙa wa rawar Les Sauvages ta riga ta shafe shekaru tana nazarin yadda ake kafa mutum a gaban jama'a don a kalle shi. Kuma a cikin shekara 350 na wannan gida, ita ce baƙar mace ta farko da aka ba tsara rawa. Nakan tsaya in sake karanta wannan adadi.

Ta zo da 'yan rawa wajen talatin. Ban da kuramf akwai masu birek da ke juyi a kan ka da kafaɗa, da masu fofin da ke karkarwar gaɓoɓi kamar inji, da masu bogin da wakin, raye-rayen da suka fito daga gidajen rawar Niyok da Los Anjalas. Yawancinsu ba su karanta rubutun kiɗa, da kunne da jiki suke aiki. A ɗaya ɓangaren ga Leonardo García Alarcón, ɗan Ajantina, da makaɗansa na Cappella Mediterranea masu amfani da kayan kiɗa irin na zamanin Rameau, goge mai tsirkiyar hanji da sarewar katako. Ga 'yan amshi daga Namur ta Beljiyam. Ga manyan mawaƙa takwas, cikinsu Sabine Devieilhe, Julie Fuchs, Jodie Devos da Florian Sempey. Mai shirya fim Philippe Béziat ya bi su da kyamara tun daga gwaji, kuma a fim ɗinsa ne ake ganin yadda ɓangarorin biyu suka fara da kallon-kallo. Mawaƙin opera an horar da shi ya adana numfashi, ya tsaya cak don murya ta fita. Ɗan kuramf an horar da shi ya ƙarar da duk abin da ke jikinsa. Sannu a hankali 'yan amshi suka fara dirka ƙafa, 'yan rawa kuma suka fara zama shiru a gefe idan wata murya ta tashi, wasu da ƙwalla a ido.

Cogitore ya ɗauke ƙasashen nesan nan huɗu ya dawo da su cikin birni ɗaya na yau. A tsakiyar dandamali ya haƙa wani ƙaton rami mai da'ira. A labarin Baturke, wani hannun ƙarfe irin na injin ɗaga kaya ya zaro tarkacen kwalekwale daga ramin, waɗanda suka tsira aka lulluɓe su da bargon ceto mai ƙyalli, irin wanda ake gani a labarai idan an tsamo 'yan ci-rani daga Bahar Rum. Bikin furannin Farisa ya koma unguwar mata masu zaman kansu, kowacce a cikin akwatin gilashi. Baƙon da a 1735 sai an yi wata da watanni a teku kafin a gan shi, yanzu jirgin ƙasa na minti talatin ne tsakaninsa da kujerun Bastille.

An buɗe wasan a ƙarshen Satumban 2019, a zaure mai ɗaukar mutum kusan 2,700. Dare ya yi nisa kafin a kai ga lofen sulhu. Devieilhe ce Zima, Sempey ne Adario. Da bugun ya fara, 'yan rawa da 'yan amshi suka taso a cakuɗe, har ba ka iya bambance wane ne mawaƙi wane ne ɗan unguwa. Ƙafafu da dama suna sauka lokaci ɗaya, katakon dandamali na amsawa, har dirin ya zama wani kayan kiɗa na daban a kan na makaɗa. Ana jin numfashinsu da gurnaninsu. Muryar Devieilhe, siririya garau, tana shawagi a saman wannan duka tana rera zaman lafiyar daji, a ƙarƙashinta kuwa jikkuna suna faɗin wani abu dabam. Da sautin ƙarshe ya faɗi sai suka tsaya suna fuskantar masu kallo, ƙirji na hawa da sauka, hannuwa a dunƙule sama. Zauren ya ɓarke. Mutane suka miƙe tsaye ana tafi ana ihu na mintuna, alhali wasan bai ƙare ba, dole makaɗa suka dakata. Haka aka riƙa yi dare bayan dare har zuwa tsakiyar Oktoba. Tashar Arte ta ɗauki wasan ta watsa, wannan yanki kuma ya sake zagaye duniya a wayoyin mutane.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu masu sharhi sun ce shirin ya yi duhu, labaran sun warwatse, an bar mawaƙa tsaye ba su san abin yi ba a wurare da dama, kuma a ganina akwai gaskiya a wannan. Akwai sassan da wasan ke jan ƙafa. Wasu sun ce an cusa siyasa inda babu ita, su kuwa ban bi su ba, don wasan da ya ƙare da bikin sulhu tsakanin mai mamaya da wanda aka mamaye da siyasarsa ya zo duniya. Masu cewa an cika kiɗan da hayaniya sun manta cewa shi kansa Rameau abin da magoya bayan tsohon salon makaɗi Lully suka zarge shi da shi ke nan a shekarun 1730. Sukar da ta fi damuna ta fito ne daga wani ɓangaren: cewa masu hannu da shuni, yawancinsu farare, sun sayi tikiti mai tsada sun zauna suna kallon fushin baƙaƙen matasa, sun tafa, sun koma gida, kamar dai yadda aka yi a 1725. Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma Dembélé ta fi kowa sanin haɗarin. Abin da ya sa ban yarda abu ɗaya ne ba shi ne wanda ya riƙe ragamar. Ita ta zaɓi 'yan rawarta, ita ta tsara inda kowace ƙafa za ta sauka, kuma a ƙarshe su ne suka tsaya suka zuba wa zauren ido.

Bayan watanni kaɗan annobar korona ta rufe gidajen wasa. A 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, wasu ma'aikatan gidan operar baƙaƙe da ruwa-biyu suka rubuta takardar koke kan wariyar launi a cikin gidan: shafa wa 'yan rawa baƙin fenti a fuska, da safa da takalman bale da ake yi don farar fata kaɗai. Sabon shugaban gidan, Alexander Neef, ya sa masanin tarihi Pap Ndiaye da Constance Rivière su yi bincike, suka miƙa rahoto a Fabrairun 2021. Fim ɗin Béziat ya shiga sinima a watan Yunin wannan shekara, aka kuma sa shi cikin jerin masu neman kyautar finafinai ta César. Jodie Devos, wadda ta rera allan ƙauna a buɗewar wasan, ta rasu a 2024 tana da shekara 35, muryarta na nan a cikin fim ɗin.

Cikin waɗanda suka rubuta takardar koken akwai wani matashin ɗan bale, Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne. A watan Maris na 2023 ƙungiyar balen gidan ta je wasa birnin Seoul na Koriya ta Kudu, shi ya taka rawar jarumin wasan bale mai suna Giselle. Da aka gama, yana tsaye gaban jama'a da gumi a jikinsa, sai shugaban sashen rawa ya fito da makirufo ya sanar cewa an naɗa shi tauraro, muƙami mafi girma a gidan, wanda babu baƙar fatar da ta taɓa riƙe shi. Yana da shekara 23. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu.